Injin Kawu da Farfelar Masu Tukwane

Shekarun baya, a shekarar da tsutsa ta cinye mana tumatir, na taɓa zama masunci na ɗan lokaci. Waɗanda suka san ni a gonar shinkafa za su yi dariya, domin ko a kanal ba na son ruwa ya wuce mini gwiwa. Ku yi haƙuri da rubutun, a hankali nake yin sa. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma yatsana a kan waya bai fi ƙafata sauri ba.

Ina da aboki tun muna yara a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Bakaniken injin ban-ruwa ne, rumfarsa tana bakin titi. Kullum in na taso daga gona can nake zarcewa, in zauna a kan wani tsohon tankin inji, in riƙe masa sifana, shi kuma yana aiki yana zuba. Shi mai magana ne, ni mai saurare. Kunkuru yake kira na, wai kafin in gama amsa sallama mai sallamar ya kai gida. Ban taɓa jin haushi ba, domin akwai gaskiya a ciki.

A wannan shekara, daga Kadawa har zuwa wajenmu babu gonar da ta tsira. Ka kwanta da ganye kore, ka tashi ka tarar kamar an bi shi da wuta. Mutane suka daina ban-ruwa, suka naɗe tiyo, suka kai injuna ɗaki suka rufe. Injin da ba ya aiki kuwa ba ya lalacewa. Rumfar abokina ta koma wurin shan inuwa. Sai ya yini yana kwance noti yana mayarwa, don kawai hannunsa ya samu abin yi.

Wata yamma ya ce da ni zai tafi Legas. Wani ɗan unguwarmu ya yi masa alkawarin babur ya riƙa acaɓa. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin wani, yana kallon titi. Na ce, “Kai da ko babur ɗinka sai ka kwance shi ka ɗaura kafin ka yarda da shi, za ka iya yini kana ɗaukar mutane?”

Ya ce, “To me zan ci a nan, kunkuru? Noti?”

Na miƙa masa sifanar. Amma na san waɗanda suka tafi irin wannan tafiya, sai shekara ta zagayo a ga mutum da Sallah, daga nan sai a daina ganin sa. Ni kuma ban san inda zan kai yammacina ba in an rufe rumfar nan.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, masunci ne a bakin dam ɗin Tiga. Ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Na tuna yana da jirgin katako da wani tsohon inji da ya daɗe a naɗe cikin buhu a zaurensa. Na kuma san halin mutumina: in ya ga inji a mace, ba ya iya wucewa. Sai na ce ya raka ni in gaida kawu. Muka hau babur ɗinsa muka tafi.

Ko gaisuwa ba mu gama ba idonsa ya kai kan buhun. Kawu yana tambayar lafiyar mahaifiyata, shi kuwa ya riga ya tsuguna yana kwance igiya. Kawu ya dube ni ya ce, “Wannan baƙon naka ni ya zo gaidawa ko injin?” Na ce duka biyun, kawu, amma injin ne a gaba.

Kafin la'asar ya wanke kafireto, ya goge fulogi, ya haɗa fetur da baƙin mai yadda kawu ya gaya masa. Ya jingina injin a benci kamar yadda yake yi wa na ban-ruwa, ya fizgi igiya, sai ga shi ya tashi. Yana murna, kawu yana ɗaga sanda daga kan tabarma.

“Kashe shi, ɗan nan. Kashe shi. Wannan ba irin naku na gona ba ne, ba iska yake sha ba, ruwa yake sha.”

Aka kawo duro aka cika da ruwa, aka tsoma ƙafar injin ciki, aka sake tayarwa. Kawu ya nuna mana wani siririn ruwa da ke tsartuwa daga gefen injin, ya ce wannan shi ne fitsarinsa. Muddin yana fitsari yana lafiya, in ya daina a kashe shi nan take. Abokina ya ce bai taɓa ganin majinyacin da ake duba lafiyarsa ta nan ba sai jariri. Ranar ce na fara jin dariyarsa ta gaske tun da tumatir ya mutu.

Haka muka zauna a wurin kawu. Ya ba mu jirgi da inji da kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a ruwa ta kwana, ya ce duk abin da muka samu mu ba shi na miya. Ya kuma gaya mana gaskiya: kusa da gaɓa masunta sun yi yawa, sai ƙananan karfasa. Manyan kifi suna can nesa, wajen kututture, inda itatuwan da dam ya shanye suke tsaye a cikin ruwa har yanzu. Can muke zuwa da yamma mu shimfiɗa kalli, mu koma bayan sallar asuba mu ɗebe.

Kifi kam akwai. Tarwaɗa, ragon ruwa, karfasa masu faɗin tafin hannu biyu. Matsalar ita ce tafiyar. Injin kawu ba ya gaggawa da kowa. Tut-tut-tut, kamar tsoho yana tari a masallaci. Abokina yana baya riƙe da hannun inji, ni ina gaba a kan wani katako ina kwashe ruwan da ke tsatsowa da gwangwani. Saboda injin ba shi da ƙara sosai, hira muke yi tun daga gaɓa har kututture, mu kuma yi wata a dawowa. Ya ba ni labarin duk injin da ya taɓa ba shi wahala, da sunan mai shi, da irin ƙaryar da mai shi ya yi masa. Ya tsara mini yadda zai gina shago da bulo. Har tarihin yarinyar da ya so bai samu ba, wanda na sani tun farkonsa, ya sake ba ni shi da ƙarin gishiri. Ni nawa “uhm” ne da “ka ji fa”, amma ban taɓa gajiya ba.

Sai dai masu sayen kifi ba sa jiran hira. Da sassafe suke zuwa bakin dam da motoci da babura, su saya su wuce Kano kafin rana ta taɓa kayan. Mu kuwa sai hantsi ya dubi ludayi muke isowa, mu tarar da gaɓa ta watse, kifinmu ya fara laushi. Akwai wata mata 'yar wajen Jos da ta daɗe a garin, kowa Mama yake ce mata, tana banda kifi a bayan rumfuna. Ita kaɗai muke tararwa. Takan ɗaga tarwaɗa ta matsa cikinta da yatsa ta ce, “'Ya'yana, wannan na yau ne ko na jiya? Jirgin naku da baya yake tafiya?” Sai ta saya a yadda ta ga dama, kuma ba ta zalunce mu ba, haka kifin ya cancanta.

Wata rana muna wanke kalli abokina ya ce, “Ka ga, ni ba zan yaudare ka ba. In injin nan zai kawo mu gaɓa kafin motoci su tashi, akwai abinci a ruwan nan, zan zauna. In ba zai iya ba, babur ɗin Legas yana jira na.”

Daga ranar nan saurin jirgin kawu ya zama maganar zamansa ko tafiyarsa. Shi yana neman gudu, ni ina neman aboki, kuma duk a jikin inji ɗaya.

Abin da ya fara yi shi ne zagaya gaɓa yana leƙa injunan mutane. Ya lura akwai wani inji da ake cewa ya fi namu ƙarfi, amma kai ɗaya ne, jiki ɗaya, har notinan iri ɗaya. Da ya samu wani matacce irinsa a gidan wani masunci ya buɗe, sai ya ga bambancin a maƙogwaron kafireto yake, na wancan ya fi faɗi. Ya ce ashe namu ba rago ba ne, shaƙe shi aka yi tun daga kamfani. Ya gyara wa mutumin injin niƙan matarsa, mutumin ya bar masa kafireton. Da aka ɗaura, muryar injin ta sake, ta yi kauri. Muka shiga ruwa da ɗoki. Gudun ya ƙaru, amma kaɗan. Muka iso gaɓa muna hango ƙurar mota ta ƙarshe.

A nan ne iliminsa na gona ya shigo. A injin ban-ruwa, in kana son ruwa ya ƙaru, fankar ciki ake sauyawa da babba. Ya tsuguna ya dubi farfelar injin kawu, 'yar ƙarama, bakinta duk ya ciccinye saboda karo da kututture, ya ce, “Ga ɓarawon nan. Wannan ai ludayi ne. Da me za ta tura ruwa?”

Ba a sayar da farfela a wajenmu. Amma a Kura akwai masu zuba tukwanen alminiyon, waɗanda ke narka tsofaffin gwangwanaye da fistin su zuba a cikin yashi. Muka kai musu. Abokina ya kwaɓa yumɓu ya liƙa a kan kunnuwan tsohuwar farfela, ya faɗaɗa su, ya ƙara musu tsawo da lanƙwasa, har ta koma kamar kunnuwan giwa. Maƙerin ya juya ta a hannu ya ce shi dai tukunya da murfi ya sani, in ta dafa tuwo kada mu zo masa da ƙara. Ya danna ta a yashi ya fitar da gurbinta, ya zuba narkakken ƙarfe. Da ta huce aka fasa yashin, aka huda ta a wurin masu walda. Injin tsohon yayi ne, 'yar ƙusa ce kawai ke riƙe da farfela, don haka ta zauna daram. A hanyar komawa ni na rungume ta a bayan babur kamar jaririya.

Ranar gwaji masunta suka taru, domin abokina bai bar kowa bai gaya masa ba. Ya tayar, ya sa giya, ya murɗa hannu. Injin ya yi wani nishi kamar sa an ɗora masa garma a busasshiyar ƙasa. Baƙin hayaƙi ya tashi. Jirgin ya motsa, amma wani dattijo da ke tuƙi da filafili a gefenmu ya wuce mu, har ya juyo ya yi mana sannu da aiki. Daga gaɓa wani ya ɗaga murya ya ce a kawo shinkafa, tukunya ta ɗau zafi.

Abokina ya juya jirgin muka fito. Ya cire ƙusar, ya zare farfelar, ya wurgar da ita kan yashi. Ya ce, “Shi ke nan. Ruwa ba nawa ba ne. Ran Juma'a zan koma gida in haɗa kaya.”

Na je na ɗauko ta. Ban san komai game da inji ba, amma na daɗe ina wasa fartanya da lauje. Na ce masa, “Da ƙarama ce da mun shiga uku. Tunda girma ta yi, ai ana ragewa.”

“Wa zai rage? Ka san kaurinta kuwa?”

“Ba ka ce ni kunkuru ba ne? Ba ni magagari.”

Ya ba ni, ina jin don ya huta da ni. Na zauna a gindin wata ɗorawa kusa da zauren kawu, na matse farfelar tsakanin gwiwoyina, na fara goga. Yinin farko ko kallo na bai yi ba. Washegari ya zo ya tsaya a kaina ya ce ba haka ake yi ba, ina cin kunne ɗaya fiye da sauran. Ya ɗauko gawayi ya zana mini layi. Juma'a ta zo ta wuce, babu wanda ya ambace ta.

Haka aikin ya kasance. Shi ya zana, ni in goge. In na kai layi, mu ɗaura mu shiga ruwa, ya karkata kai yana sauraron injin kamar mai sauraron ƙirjin mara lafiya. Sai ya ce har yanzu yana ɗauke da kaya, a ƙara ragewa. Mu fito, ya sake zanawa. Ya kafa ƙusa a jikin ɗorawa muna rataya farfelar, duk kunnen da ya rinjaya ƙasa shi ne mai nauyi, in bi shi da magagari har ta tsaya daidai. A hankali ya gane abin da ya ɓace masa: fankar ban-ruwa a cikin gida take juyawa, ita kuwa farfela jirgi take turawa da mutane da kifi, in ta ciji ruwan da ya fi ƙarfin injin sai ta shaƙe shi. Lanƙwasar da ya ƙara ma sai da muka kwantar da rabinta. Hannuna ya yi kanta a kan kanta. Garin alminiyon ya shiga gashina da gemuna, har kawu ya ce na riga shi furfura.

Kawu yana zaune yana kallon mu kullum. Wata rana ya ce, “Ku dai kuna son ku riga rabonku isa gaɓa.” Abokina ya ce, “A'a kawu, so muke mu tarar da shi bai hau mota ba.” Kawu ya yi dariya har da tari.

Bayan farfela sai ya koma kan zaman injin. Ya ce ƙafarsa ta nutse da yawa, tana jan ruwa a banza. Ya kafa katako a bayan jirgin ya ɗaga shi kaɗan, yana duba fitsarin kada ya yanke. Ya sauya ramin da ake sa ƙarfen da injin ke jingina a kai, ya gwada wannan ya gwada wancan. Ni ma sai da aka gyara mini zama. Muna cikin tafiya zai ce, “Matsa gaba. Ya yi yawa, dawo kaɗan. Tsaya nan, kada ka motsa ko da kunama ce ta harbe ka.” A ƙarshe ya cire katakon da nake zama ya sake kafa shi a inda ya zaɓa.

Ba zan manta safiyar da abin ya yiwu ba. Mun ɗebe kalli a kututture, kifi ya cika kwando biyu. Ya murɗa hannun injin har ƙarshe. Muryar ta hau, ta ƙara hawa, ta yi wani tsaf kamar zare. Hancin jirgin ya ɗaga, na ga sama kawai, sai kuma ya kwanta, jirgin ya yi sauƙi a ƙarƙashina kamar an sauke masa kaya. Ruwa ya rabu gida biyu yana fari. Iska ta ɗauke hulata, ban ma juya na neme ta ba, hannuwana biyu suna riƙe da gefen jirgi, bakina yana salati. Da na waiga na ga mutumina yana dariya, bakinsa yana motsi, amma ban ji ko kalma ɗaya ba.

Muka iso gaɓa motoci ba su ma gama fakin ba. Masu saye suka yo kanmu, kifinmu yana ta motsi a kwando. Mama ta fito daga bayan rumfa tana goge hannu a zani, ta dube mu ta dubi jirgin ta ce, “Yau kam na rasa kwastomomina. Allah ya sa albarka, 'ya'yana.” Abokina ya ware mata manyan tarwaɗa biyu ya ce na ban-kwana ne. A hanyar gida ya dafa kafaɗata ya ce, “Kunkuru, a gaya wa Legas ta ba wani babur ɗin.”

Na samu abin da nake so. Na kwana ina gode wa Allah.

Abin da ban lura da shi ba da farko shi ne hirarmu ta mutu. Injin yanzu ihu yake yi, kuma kafin ka gyara zama an iso. Sai dai mu yi magana da hannu. Na ce ba komai, ai akwai yamma. Amma yamma ma ta samu masu ita. Duk masuncin da ya yi mana dariyar tukunya sai ga shi da injinsa a kafaɗa. Gindin ɗorawa ya zama gareji. Har daga wasu gaɓoɓin ake zuwa. Abokina ya yi haske, ya yi ƙiba, yana faɗa da mutane uku a lokaci guda. Ina zaune a gefe ina riƙe sifana kamar da, ina jin daɗi ina ganin sa haka.

Ana nan sai wani Alhaji ya zo daga Yawuri, dillalin busasshen kifi ne, kuma yana da jiragen fasinja a kogin Kwara. Ya ji labari, ya ce a zagaya da shi. Da suka dawo bai sauka ba sai da ya sa aka ɗaga injin ya shafa farfelar. Ya tambayi wane kamfani ne ya yi ta. Aka ce masa masu tukwane ne suka zuba, manomi ya goge. Ya ja abokina gefe, suka daɗe.

Bayan la'asar abokina ya same ni ina ɗinkin kalli. Ya zauna, ya ɗauki wani noti yana juyawa a hannu. Ya ce Alhaji yana da injuna manya, irin waɗanda bai taɓa buɗewa ba, kuma zai ba shi shago a bakin kogi. Ya ce, “Can injin jirgi kamar babur ne a nan, kowane gida akwai. Me ka gani?”

Na ci gaba da ɗinki na ɗan lokaci. Lokacin maganar Legas ina da abin faɗa, domin yunwa ce take kora shi zuwa aikin da ba nasa ba. Wannan kuwa aikinsa ne yake kiran sa da sunansa. Na duba ko'ina a cikin raina ban samu dalili ko ɗaya na hana shi ba, sai ni kaina, kuma ban ga yadda zan ɗora kaina a kan sikeli ɗaya da rayuwar mutum ba.

Na ce, “Ka tafi.”

Ya ce, “To mu tafi tare. Wa zai goge mini farfela?”

Na ce mahaifiyata ta tsufa, kuma an kusa sako ruwan shinkafa. Ya san haka kafin ya tambaya. Ya ce, “Yau kam ka yi saurin amsawa.” Muka yi dariya, ba mai yawa ba.

Ya tafi a motar Alhaji, da akwatin sifanunsa a kan cinya. Ya bar mini magagarin, kafin tafiyar kuma ya yi yini guda yana koya mini tayar da inji da sa giya, yana zagi na cikin wasa.

Ranar da na fara fita ni kaɗai, na zauna a baya, a wurinsa. Na tayar, na duba fitsari, na murɗa hannu. Hancin jirgin ya ɗaga sama, na jira ya kwanta, bai kwanta ba. Ya riƙa dukan ruwa yana tsalle, ban ga gabana ba, iska tana neman juya shi. Na sassauta da sauri, na lallaɓa na dawo gaɓa. Na gaya wa kawu injin ya lalace.

Kawu ya ce, “Lafiyarsa ƙalau. Da mutum biyu kuka daidaita shi. Ka cika buhu da yashi, gwargwadon nauyinka, ka ajiye a kan katakon gaba.”

Na yi haka. Jirgin ya kwanta, ya tafi kamar yadda ya saba. Da na gaya wa abokina a waya ya yi dariya har sai da wayar ta riƙa yankewa. Ya ce, “Ashe duk watannin nan da buhu nake hira. To wa ya fi wani surutu, kai ko shi?” Na ce kusan ɗaya muke, sai dai shi ba ya kwashe ruwa.

Na ci gaba da kamun kifi har ƙarshen wannan rani, ni da buhuna. Kullum ina riga kowa isa gaɓa. Da damina ta sauka na koma gona, na mayar wa kawu jirginsa, daga baya ya sayar wa wani maƙwabcinsa. Kawu ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Abokina yana Yawuri har yau, ya yi iyali a can, yana da shagon bulo kamar yadda ya tsara, an ce har daga ƙetare ake kawo masa inji. Muna waya jefi-jefi. Kullum akwai ƙarar inji a bayansa, kullum akwai wanda ke jiran sa, sai ya ce zai kira ni in ya samu sarari. Wani lokaci yana kira.

Ban yi nadamar goge farfelar nan ba. Da za a sake ba ni ita, zan sake zama a gindin ɗorawa. Abin da na fahimta daga baya shi ne, ina ta ƙoƙarin mu ƙare aikin don ya zauna, ban san cewa aikin ne zaman ba. Kwanakin da injin ke tari, kifi na laushi, Mama na yi mana tsiya, gwaji na ƙin yiwuwa, su ne kwanakin da nake da shi gaba ɗaya. A lokacin na ɗauke su wahala ce da za a wuce a isa wani wuri mai daɗi.

Yanzu in na taso daga gona da yamma, nakan bi ta bakin titi. Rumfarsa ta zama wurin cajin waya. Ina gaida yaron da ke ciki in wuce gida, in isa tun rana ba ta faɗi ba, da sauran lokaci mai yawa a hannuna, kuma babu wanda zai ba ni labarin da na riga na sani.